HUKUNCIN DASHEN HAƘORI DA ABIN DA YA KAMATA SAURAYI MUSULMI YA SANI

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya halicci ɗan Adam Ya kyautata surarsa, Ya jera masa haƙora a bakinsa domin ya tauna abincinsa, ya kuma daidaita furucinsa. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu (S.A.W.), da alayensa da sahabbansa, da duk wanda ya bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya kai ɗan'uwa saurayi Musulmi, darasinmu na wannan karo a kan haƙori ne. Kada ka ce wannan ƙaramar magana ce, domin addininmu bai bar wani abu na rayuwar mutum ba face ya yi masa hukunci. Tambaya ta yawaita daga samarin Ƙofar Kaura da unguwannin da ke kewaye da ita game da aikin nan da likitoci suke yi, watau su kafa ƙarfe a cikin ƙashin muƙamuƙi, su ɗora haƙori a kansa a madadin wanda ya faɗi. Mutane sun rabu kashi biyu. Wasu sun ce haramun ne, wai canza halittar Allah ne, har mutum ya zauna da giɓi yana fama, bai iya tauna ba, bai iya karatu daidai ba. Waɗansu kuwa ba ruwansu da tambaya, lafiyayyen haƙori ma sai su kai a kankare shi a lulluɓe da zinariya don a gani. Duka biyun sun kauce hanya. Abin da za mu tabbatar maka a nan, da hujja, shi ne mayar da abin da ya lalace magani ne kuma halal ne, amma ɓata lafiyayye don ado ko alfahari, wannan shi ne abin da aka hana.

DARAJAR HAƘORI A SHARI'A

Ka sani, babban mutum yana da haƙora 32 idan sun cika, bayan ya zubar da 20 na ƙuruciya. Waɗannan na biyun kuwa, in ɗaya ya tafi, wani ba ya sake tsirowa. Shari'a ta kimanta su da tsada ƙwarai. A cikin wasiƙar da Manzon Allah (S.A.W.) ya ba Amru ɗan Hazmu, wadda Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa, an yanka diyyar haƙori ɗaya raƙuma 5, alhali diyyar rai gaba ɗaya raƙuma 100 ce. To, ka lissafa da kanka: haƙori ɗaya kashi ɗaya ne cikin 20 na diyyar mutum. Haka nan a aya ta 45 ta Suratul Ma'ida, Allah Ta'ala Ya ambaci haƙori a cikin gaɓoɓin da ake yin ƙisasi a kansu. Saboda haka wanda ya kai wa ɗan'uwansa naushi a filin ƙwallo, ko a faɗan ƙauraye, ya zubar masa da haƙora biyu, ya san cewa hakkin raƙuma 10 ne ya ɗauka a wuyansa, ko da ba a kai shi gaban alƙali ba.

Sa'an nan haƙori yana da hannu a cikin ibadarka. Duk wanda ya zauna gaban malamin tajwidi ya san haruffa da yawa ba su fita daidai sai da taimakonsa. Fa tana fita ne tsakanin cikin leɓen ƙasa da tsinin haƙoran gaba na sama. Ta da dal da ɗa mai hannu, kan harshe ne ke dukan tushen waɗannan haƙoran. Zal da zadi da ca mai ɗigo uku, sai kan harshe ya taɓa tsininsu. Lodi kuwa gefen harshe ne tare da turamen sama. Wanda ya rasa haƙoransa, sallarsa ta inganta da gwargwadon ikonsa, Allah ba Ya kallafa masa abin da ba zai iya ba. Amma saurayin da yake burin ya hardace Alkur'ani, ko ya ja mutane salla, ai ya fi kowa sanin abin da giɓin gaba yake yi wa karatu.

Kuma rasa haƙori ba abin kunya ba ne, balle a riƙa yi wa mutum ba'a ana ce masa mai wawulo. A ranar yaƙin Uhudu, shekara ta 3 bayan Hijira, an karya wa fiyayyen halitta (S.A.W.) haƙori, kamar yadda ya tabbata a Buhari da Muslim. Wanda ya san wannan ba zai yi wa ɗan'uwansa dariya ba.

MENE NE DASHEN HAƘORI?

Malamai sun ce ba a yi wa abu hukunci sai an san shi. To, bari mu fara sanin abin tukuna.

Hanyoyin da likitoci suke cike giɓi uku ne. Ta farko haƙorin roba, wanda ake sawa a cire, a wanke shi da dare. Shi ya fi araha, amma yana motsi, kuma ƙarfin taunarsa kaɗan ne. Ta biyu ita ce wadda suke kira gada: a kankare haƙoran nan biyu da ke gefen giɓin, a ɗora musu hula, su riƙe na tsakiya. Tana zama daram, sai dai an taɓa haƙora biyu saboda ɗaya. Ta uku ita ce dashe, wanda muke magana a kansa.

Ga yadda ake yinsa. Likita zai fara ɗaukar hoton muƙamuƙi ya ga kaurin ƙashin da inda jijiyoyi suka bi. Sai ya yi allurar kashe zafi a wurin, ya buɗe dasashi, ya huda ƙashin a hankali, ya ɗaura wata 'yar ƙusa mai zare wadda aka yi da wani ƙarfe mai suna titaniyom. Ita ce za ta tsaya a matsayin saiwar haƙori. Daga nan sai a jira, galibi wata 3 zuwa 6, har ƙashin ya tsiro ya kama ƙusar kam. Bayan haka a ɗaura mata ɗan wuya, a ɗora kan haƙori na tangaran mai launin sauran haƙoran. Ba a cire shi da dare, ba a taɓa maƙwabtansa.

Akwai wani abu kuma da yawancin mutane ba su sani ba. Ƙashin da ke riƙe haƙori, tauna ce take raya shi. Da zarar haƙori ya fita, ƙashin wurin sai ya soma zaizayewa, ya fi sauri a watannin farko. Haƙoran gefe su karkato cikin giɓin, na sama ko na ƙasa da ke fuskantarsa ya zazzago. Shi ya sa za ka ga bakin tsoho ya lotsa ciki. Ƙusar dashe tana mayar wa ƙashin da aikinsa, sai zaizayar ta ragu. Wannan ita ce babbar fa'idarsa a kan sauran hanyoyin biyu.

Asalin wannan ilmi kuwa, wani likita ne mutumin ƙasar Suwidin, sunansa Per-Ingvar Branemark. A shekarar 1952 yana binciken yadda jini ke gudana a cikin ƙashi, sai ya sa wani ɗan bututun titaniyom a ƙashin ƙafar zomo. Da ya zo cirewa sai ya tarar ƙashin ya manne da ƙarfen, ya ƙi fita. Daga nan ya gane cewa jiki ba ya ƙin wannan ƙarfe. A 1965 ya yi wa mutum na farko dashe a birnin Gotenbag, kuma mutumin ya rayu da shi shekara 40 da 'yan kai, har ya rasu a 2006. A 1982 aka yi wani taron likitoci a Toronto ta ƙasar Kanada, daga nan aikin ya bazu a duniya. Yau bincike ya nuna fiye da 90 cikin 100 na irin wannan dashe suna kai shekara 10 suna aiki, idan an yi su da kyau an kuma kula da su.

Kada wani ya ce maka ai wannan abin Turawa ne, Musulmi ba su san shi ba. Abul Ƙasim Az-Zahrawi, babban likitan Musulmi na Ƙurɗuba a ƙasar Andalus, wanda ya rasu wajen shekarar 1013, ya yi bayani a littafinsa At-Tasrif yadda ake ɗaure haƙori mai girgiɗi da zaren zinariya, da yadda ake sassaƙa ƙashin sa a mayar da shi gurbin wanda ya faɗi. Ilmin magani gado ne na 'yan Adam, kowace al'umma ta ɗora nata tubalin.

HUJJAR HALACCINSA

Hujja ta farko, umurnin neman magani. Usamatu ɗan Sharik ya ba da labarin cewa waɗansu ƙauyawa sun tambayi Manzon Allah (S.A.W.) ko su yi magani, sai ya umurce su da su yi, ya kuma sanar da su cewa kowace cuta Allah Ya sanya mata magani in ban da tsufa. Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito shi. Wanda bai iya tauna abinci ba, ko furucinsa ya lalace, ai mai lalura ne.

Hujja ta biyu, ita ce ta fi kusa da mas'alarmu, watau ƙissar sahabin nan Arfajatu ɗan As'ad. An sare masa hanci a yaƙin Kulab tun zamanin Jahiliyya, sai ya sa aka ƙera masa na azurfa. Azurfar ta yi masa wari, sai Annabi (S.A.W.) ya umurce shi da ya yi na zinariya. Abu Dawuda da Tirmizi da Nasa'i duk sun kawo shi. Duba da kyau, ya kai ɗan'uwa. Ba a ce masa ya haƙura ya zauna ba hanci tun da haka Allah Ya ƙaddara ba. An yarje masa ya sa gaɓar da aka ƙera da ƙarfe, har ma da zinariya wadda asalinta haramun ce ga maza, saboda a lokacin babu wani ƙarfen da ba ya wari sai ita. Imamu Tirmizi, bayan ya kawo wannan hadisi, ya ambaci cewa an samu malamai da dama da suka ɗaure haƙoransu da zinariya. To, in an halatta hancin zinariya don lalura, ina ga ƙusar titaniyom wadda babu wani nassi da ya hana ta tun asali?

Masu cewa haramun ne suna kafa hujja da aya ta 119 ta Suratun Nisa'i, inda aka ambaci canza halittar Allah cikin abubuwan da Shaiɗan yake umurni da su, da kuma hadisin Abdullahi ɗan Mas'udu a Buhari da Muslim, wanda aka la'anci mata masu goge haƙoransu su buɗe wushirya da gangan. Aya gaskiya ce, hadisi kuma ingantacce ne, amma ba a nan wurinsu yake ba. A cikin hadisin kansa an ɗaure hanin da sharaɗi, watau yin haka don neman kyau. Imamun Nawawi, a sharhinsa na Muslim, ya bayyana cewa in don magani ne, ko don wani aibi a haƙorin, to babu laifi. Halittar da Allah Ya yi maka ita ce baki cike da haƙora. Haɗarin babur ne ya canza ta, ko cuta. Likitan da ya cike giɓin, komar da kai ya yi zuwa ga halittarka ta asali.

A kan wannan ƙa'ida Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta tafi a zamanta na 18 a Putrajaya ta ƙasar Maleshiya, a shekarar 2007. Ta halatta tiyatar da ake yi don mayar da gaɓa ga siffarta ko aikinta, da gyara aibin da haɗari ko cuta suka jawo, ta hana wadda ake yi don sauya lafiyayyar halitta saboda son zuciya ko kwaikwayon wasu.

HAƘORIN MAKKA

To, yanzu sai mu juyo ga ɗaya ɓangaren, wanda ya fi yawa a ƙasarmu. Mutum ya tafi aikin Hajji da haƙoransa lafiya lau, kafin ya dawo sai ya sa a kankare masa ɗaya a sa masa hular zinariya ko azurfa, wai haƙorin Makka, don duk inda ya yi murmushi a san Alhaji ne. Yanzu har samarin da ba su taɓa taka filin jirgi ba sun shiga yi, don kwalliya kawai.

A cikin wannan akwai ɓarna uku. Ta farko, zinariya haramun ce ga namiji. Sayyidina Aliyu (R.A.) ya ruwaito cewa Annabi (S.A.W.) ya riƙe alharini a hannu ɗaya, zinariya a ɗayan, ya bayyana haramcinsu ga mazan al'ummarsa. Rangwamen da aka yi wa Arfajatu na lalura ne, kai kuwa ina lalurarka? Ko mai lalurar ma a yau, tun da an sami tangaran da titaniyom, ba shi da sauran uzuri a kan zinariya. Azurfa ma, abin da ya tabbata na adon jikin namiji a cikinta shi ne zobe. Ta biyu, an ɓata lafiyayyar gaɓa. Farin ɓawon da ke bayan haƙori shi ne abu mafi tauri a jikin mutum, kuma in an kankare shi ba ya komawa har abada. Hular da ba ta zauna daidai ba kuwa, abinci ya riƙa maƙalewa a ƙarƙashinta, haƙorin ya ruɓe a ɓoye, baki ya yi wari. Ta uku ita ce mafi hatsari, watau riya. Hajji ibada ce tsakaninka da Ubangijinka, alamarta kuwa a hali ake ganinta da cinikayya da riƙon amana. Babu inda aka ruwaito cewa Annabi (S.A.W.) ko wani sahabi ya dawo daga Hajji da alama a baki.

Wanda ya riga ya yi, sai ya tuba, ya je wurin likita a cire masa, in haƙorin ya riga ya kankaru a sa masa hular tangaran. Kada ya ɓamɓare da kansa. In kuma mahaifinka ne ko kawunka yake da shi, to ka yi masa bayani cikin ladabi, kai da shi, ba a bainar jama'a ba, domin da yawansu al'ada suka tarar, ba su san hukuncin ba.

WAƊANSU MAS'ALOLI

Alwala da wanka: ba a neman ka cire haƙorin da aka dasa, hukuncinsa hukuncin sauran haƙoranka ne. Kurkurar baki ma sunna ce a mazhabar Malikiyya, a alwala da wanka duka. Ka kurkure kamar yadda ka saba, shi ke nan.

Azumi: allurar kashe zafi da ake yi a dasashi ba ta karya azumi, domin ba ci ba ce ba sha ba. Majalisar Fiƙihun da muka ambata, a zamanta na 10 a Jidda a 1997, ta lissafa cire haƙori da huda shi da wanke shi cikin abubuwan da ba su karya azumi, matuƙar mutum bai haɗiye abin da ya kai maƙogwaronsa ba. Amma tun da dashe ba aikin gaggawa ba ne, kuma bayansa akwai shan magani, abin da ya fi shi ne ka bari sai bayan Ramalana.

Cikon ƙashi: wani lokaci ƙashin wurin ya riga ya zaizaye, sai likita ya ce sai an yi ciko kafin a kafa ƙusa. A nan sai ka buɗe baki ka yi tambaya, domin garin ƙashin da ake cikawa iri-iri ne. Akwai wanda ake ɗiba daga jikinka, akwai na haɗin masana'anta, akwai na saniya, akwai kuma na alade. Ka zaɓi naka ko na haɗi, ka guji na alade muddin akwai waninsa. Likita nagari ba zai ji haushin wannan tambaya ba.

Mamaci: in mai dashe ya rasu, ba a tona ƙashinsa don a ciro ƙusa, da ita ake rufe shi. Nana A'isha (R.A.) ta ruwaito cewa karya ƙashin mamaci daidai yake da karya shi yana da rai. In hular zinariya ce kuma za ta ciru ba tare da an wulaƙanta gawa ba, sai a cire a ba magada, domin dukiya ce. In ba za ta ciru ba, a bar ta.

Kuɗi: dashe yana da tsada, haƙori ɗaya yakan ninka kuɗin na roba sau da yawa. Halal ne, amma ba wajibi ba ne. Bai halatta ka ci bashin ruwa saboda shi ba, kuma bai kamata ka danne hakkin iyali ko na wanda yake binka bashi ba. In ba ka da hali, haƙorin roba ma ya biya bukata, da babu gara ba daɗi.

KAFIN KA ZAUNA A KUJERAR LIKITA

Ba kowa ne dashe yake karɓa ba. Mai shan taba sigari, nasa ya fi saurin lalacewa, domin hayaƙin yana rage jinin da ke zuwa dasashi, sai ciwon ya ƙi warkewa da wuri. Ga wani dalili ke nan na barin wannan mugunyar ɗabi'a, bayan ɓarnar dukiya da cutar da huhu. Mai ciwon suga sai sugansa ya daidaita tukuna. Mai ciwon dasashi sai an yi maganinsa. Yaron da muƙamuƙinsa bai gama girma ba, galibi ɗan ƙasa da shekara 18, shi ma jira zai yi, domin ƙashi zai ci gaba da girma ya bar ƙusar a inda take. Kuma ko bayan an dasa, in ka yi sakaci da wanke baki, ƙwayoyin cuta za su cinye ƙashin da ke kewaye da ƙusar har ta faɗi, kuɗinka ya bi ruwa.

Sa'an nan ka san wanda za ka miƙa wa bakinka. Wannan aiki tiyata ce. A muƙamuƙin ƙasa akwai jijiya, in aka taɓa ta leɓe zai iya mutuwa. A na sama akwai kogon da ke haɗe da hanci. Kayan aikin da ba a dafa ba kuwa suna ɗaukar ciwon hanta da ƙanjamau daga wannan baki zuwa wancan. A Nijeriya akwai hukumar da ke yi wa likitoci da likitocin haƙori rajista, kana da ikon ka tambayi mutum shaidarsa. Ka fara da sashen haƙori na babban asibiti, kamar Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke nan Katsina, su duba ka su gaya maka abin da ya dace da kai. In aikin ya fi ƙarfin wurin, su za su tura ka gaba, ga Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, inda Jami'ar Bayero take horar da likitocin haƙori. Manzon Allah (S.A.W.) ya ɗora lamuni a kan duk wanda ya yi wa mutane magani alhali ba a san shi da ilmin magani ba, kamar yadda Abu Dawuda da Nasa'i suka kawo. Saboda haka masu bin kasuwa da filaya suna cire wa mutane haƙora, da masu cewa za su fitar maka da tsutsar haƙori da hayaƙi ko tofi, su ji tsoron Allah. Babu wata tsutsa a cikin haƙori. Ƙwayoyin cuta ne da ido ba ya gani, suna cin sukarin da ka bari a baki, su fitar da tsami, tsamin ya huda haƙori.

IN HAƘORI YA FITA A HAƊARI

Wannan ya shafe ku ƙwarai, ku masu hawan babur da 'yan kabu-kabu. Tun da aka buɗe gadar ƙasa ta Ƙofar Kaura a 2023 hanya ta yi daɗin bi, amma daɗin hanya ba izinin gudu ba ne, kuma hular kwano mai rufe haɓa tana tsare baki da kai gaba ɗaya. In ƙaddara ta faɗa, haƙori ya fita ɗungurungum da saiwarsa, kada ka jefar da shi. Ka ɗauke shi ta kansa, kada ka taɓa saiwar. In ya yi datti ka ɗauraye shi kaɗan, ban da gogewa, ban da sabulu. Ka mayar da shi raminsa ka cije tsumma mai tsabta a kai. In ba za ka iya ba, ka tsoma shi cikin madara, ka garzaya wurin likita, ya fi kyau kafin awa ɗaya ta cika. Sau da yawa yakan kama. Wannan ga haƙorin manya ne, na ƙuruciya ba a mayar da shi.

Malamanmu ma sun tattauna wannan tun da daɗewa. Imamul Ƙurɗubi, a tafsirinsa na ayar ƙisasin nan, ya kawo saɓani a kan wanda ya mayar da haƙorinsa bayan ya fita. Waɗansu sun hana, suna ganin ya zama najasa, amma Alƙali Ibnul Arabi, ɗaya daga cikin manyan Malikiyya, ya raunana wannan ra'ayi. Ɗan Adam mai tsarki ne, gaɓarsa ma haka.

RIGAKAFI YA FI MAGANI

Ya kai ɗan'uwa, duk ƙwarewar likita, abin da zai dasa maka bai kai wanda Allah Ya ba ka kyauta ba. Haƙorinka na asali yana da jijiya, yana jin tauri da laushi, yana da 'yar shimfiɗa tsakaninsa da ƙashi mai rage ƙarfin cizo. Ƙusa ba ta da ko ɗaya. To, hanyar tsare shi tana cikin Sunna tun fiye da shekara 1400. Annabi (S.A.W.) ya bayyana cewa tsoron tsananta wa al'ummarsa ne kawai ya hana shi wajabta musu asuwaki a kowace salla. Nana A'isha (R.A.) ta ce shi ne abin da yake farawa da shi in ya shigo gida. Har a ciwon ajalinsa, sai da ya nemi asuwakin da ya gani a hannun Abdurrahman ɗan Abubakar aka tausasa masa shi ya goge baki. Mu kuwa da muke kiran kanmu mabiya Sunna, nawa ne cikinmu suke da asuwaki a aljihu?

Ka riƙe asuwaki a kowace alwala. Ka haɗa da buroshi da makilin safe da dare, musamman na daren, domin da barci yawu yake raguwa, ƙwayoyin cuta su sami sarari. Ka rage lemon kwalba da alewa da shayin da aka cika wa sukari, domin yawan maimaita su a yini shi ne ya fi ɓarna. Ka daina buɗe kwalba da haƙori. In ka ji tsami ko ka ga baƙin ɗigo, ko dasashinka yana jini, ka je asibiti tun ramin yana ƙarami a cike shi, kada ka tsaya cusa ƙwayar magani ko ruwan batir a ciki, sai ya kumbura sa'an nan ka tafi a cire. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Wanda ya rasa haƙori kuma Allah Ya hore masa, ya je a dasa masa da zuciya ɗaya, babu laifi a kansa. Wanda ba shi da hali ya sa na roba, ko ya yi haƙuri yana mai neman lada. Wanda nasa suke lafiya ya gode wa Allah, ya bar su yadda aka halicce su.

Allah Ya ba mu lafiya mai amfani, Ya jiyar da mu daɗin jinmu da ganinmu da ƙarfinmu muddin muna raye, Ya tsare mu daga riya da bidi'a, Ya sa mu cika da imani. Abin da muka faɗa daidai daga Allah ne, kuma Shi ne Mafi sani. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya. Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.